Gidan taliyar da ake yayi a Garwa ko kaskon mai shayi: ina kuɗinka ya fi amfani?

Tun da aka buɗe sabon gidan taliyar nan irin ta Sinawa a Garwa, a arewacin Kamaru, da wuya ka duba WhatsApp da daddare ba ka ci karo da hoton kwanonsa ba: jan mai yana yawo a kan romo, koren ganye a gefe, tsinkaye biyu a gicciye. 'Yan mata sun ɗauka, ma'aikatan banki sun ɗauka, ɗaliban da suka dawo hutu daga Ngawundare da Marwa su ma sun ɗauka. Masu TikTok kuwa saurayin da ke jan fulawa a bayan gilashi suka fi so. Wanda bai je ba tambayarsa ɗaya ce: wai da gaske ya ci kuɗinsa? Yana da hujjar tambaya, don mu ba baƙin taliya ba ne. Tana nan a kaskon mai shayi safe da dare, tana nan a kan igiyar shanya a gidajenmu, ga shi kuɗin kwano ɗaya a sabon wurin zai ƙosar da mutum huɗu a bencin mai shayi, har da shayinsu.

Abu ɗaya gidan nan yake da shi wanda babu irinsa a garin, shi ne romo. Wanda ya je don romon bai yi asara ba. Wanda ya je don soyayyar taliya, ko don kofin abin shan nan mai launi uku da ake ɗauka a hoto, ya biya tsada a kan abin da unguwarsu ta fi iyawa.

Wannan taliya mai romo asalinta birnin Lanzhou ne, a lardin Gansu da ke arewa maso yammacin Sin, kuma Musulmin ƙasar, 'yan ƙabilar Hui, su suka yi suna da ita. Ana danganta ta da wani Ma Baozi, wanda ya fara sayar da ita cikin romo garau a 1915. 'Yan kasuwarmu masu zuwa birnin Guwanzu na Sin sarin kaya sun riga mu saninta, domin idan Musulmi ya sauka can yana neman abin da zai ci hankali kwance, shagunan taliyar Lanzhou masu tambarin halal yake nufa. Mutanen can da abubuwa biyar suke auna kwano: romo ya fito garau, yankakken farin radi (wata saiwa mai siffar karas) a ciki, jan man barkono a sama, koren ganye, taliyar kuma ta ɗan ja rawaya. Da wannan ma'auni na duba na Garwa, kuma a romo bai gaza ba.

Bahaushe ya saba da farfesu, wanda attarugu da albasa da tafarnuwa suke tarar harshe tun a bakin ƙofa. Wannan ba haka yake ba. Kurɓar farko sai ka ji kamar salam, har hannunka ya fara laluben yaji. Ka yi haƙuri zuwa ta uku. A nan ɓargo yake fitowa, citta ta biyo shi, sannan kanumfari da girfa da wani ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi na busasshen ɗan itacen nan mai siffar tauraro. A ƙarshe bakin harshe ya ɗan yi dindiris, ba zafin barkono ba. Wannan aikin barkonon Sichuan ne, dangin fasaƙwarin da iyayenmu mata ke sakawa a yaji. Ƙashin sa da nama ake dafawa awanni da dama a ƙaramar wuta, ana kwashe kumfa ba gajiya, ba a barin tukunyar ta yi tafasar hauka, shi ya sa kake hango gindin kwano ta cikin romon. A nan Garwa ta taimake su, don nama ba abin nema ba ne a ƙasar shanu, kuma yankan safiya ba ya ɓoyuwa a tukunya. Babu mai shayin da zai yi wannan, babu kuma matar gidan da za ta ƙona gas ko gawayin wuni guda saboda kwano huɗu. Kuɗin da kake biya, na wannan tukunyar ne.

Jan taliyar ma ba wasan kamara kawai ba ne. Saurayin yakan yanko curi mai kaurin damtse, ya shafe shi da mai, ya murza shi ya yi tsawo. Ya kama baki biyu ya buɗe hannuwa, ya buga tsakiyar a kan teburin da aka barbaɗe da fulawa, ya haɗe bakunan a hannun hagu, ya zura yatsan dama a lanƙwasar ya sake ja. Sili ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas. Ninki bakwai sili 128 ke nan, kuma bai kai minti ɗaya yana yi ba. Sai ya tsinke dunƙulen da ya rage a hannunsa, ya wurga sauran cikin tafasasshen ruwa ba tare da ya ko kalli tukunyar ba. Danƙon yana zuwa ne daga yawan murza, da barin kwaɓin ya huta, da ɗan gishiri, da ruwan toka irin nasu wanda aikinsa ya yi kusa da na kanwa a wurinmu. Taliyar da aka ja yanzu aka dafa yanzu tana da wani ƙarfi a haƙori wanda ta kanti ba ta da shi. Suna tambaya siririya ko mai faɗi. Ni mai matsakaicin kauri nake ba mutane shawara, don siririyar tana saurin yin lugub idan ka tsaya hira, mu kuma ba ma cin abinci shiru. Ka ce a kawo man barkonon a gefe, ka ɗiga da hannunka. Koren ganyen koriyanda kuwa ba kowa yake shiri da shi ba, wasu warin sabulu suke ji. In kana cikinsu ka faɗa tun da wuri a bar maka ganyen albasa kawai. Cokali mai yatsu yana nan ga wanda tsinkaye suka gagara, ba wanda zai kalle ka.

Da ka bar shafin romo a takardar jerin abincinsu, labari ya canza. Soyayyar taliyarsu da kabeji da karas da tattasai da 'yan yankan kaza ba laifi, amma mai ya yi mata yawa, baƙin ruwan waken suya ya danne komai, kuma kafin ka kai rabin faranti ta fara gundurar ka. Akwai mai kifi, da giwan ruwan Lagdo, madatsar da su Sinawan suka gina aka kammala a 1982. Kifin mai kyau ne, sai dai duk ɗan Garwa ya san inda giwan ruwa ya fi daraja: a kan waya bisa garwashi, da yaji da albasa, ba a nutse cikin taliya ba.

In soyayye kake so, mai shayi ya fi su, kuma nesa ba kusa ba. Spageti da ƙwai abincin Kamaru ne tun daga Duwala har Kusiri, kuma hannun da ya shekara goma yana yin sa ya san abin da yake yi. Na ƙofar gidanmu yakan ɗago kai ya ce, "Hajiya, ƙwai nawa?" In ce, "Biyu, Malam, a rage barkono." Ya fasa su a kofin roba da hannu ɗaya, ya yanka albasa a tafin hannunsa kai tsaye cikin kofin, tumatir, ɗan attarugu, ɓarin magi da ya murtsuke da yatsu. Ya buɗe robar dafaffen spageti ya danƙo cikin hannu, ya tura a kofin, ya kaɗa da cokali mai yatsu har kowane sili ya sha ƙwai. Mai ya riga ya yi zafi a baƙin kaskon. Ya juye, ya baza, ya jira gefen ya yi ja ya fara ƙamas, ya kifa shi da jefawa ɗaya. Ko dai a faranti da ɗan mayonez, ko ya tsaga dogon burodi ya cusa a ciki. Wannan ƙamas-ƙamas ɗin gefen, da laushin tsakiyar, babu su a soyayyar gidan taliya. Da kamar sefa 500 ka ƙoshi, kuma ba ka jira minti goma ba. Aibinsa a fili yake: dafaffen spagetin yana iya wuni a roba cikin zafin Garwa, man kaskon ma ba kullum ake sauya shi ba. Shi ya sa ake zaɓar teburin da ke da ciniki, inda robar ke ƙarewa a sake dafa wata.

Indomie ita ce ta uku, kuma yara sun fi son ta a kan duka. Wani Bajafane, Momofuku Ando, shi ya ƙirƙiro taliyar leda mai saurin dahuwa a 1958. Ita Indomie 'yar Indunusiya ce, an fara yin ta a Najeriya a tsakiyar shekarun 1990, mu kuma nan arewa ta hannun 'yan'uwanmu na Yola da Mubi muka saba da ita. Ba ta cikin sahun ta gidan taliya ko kaɗan, ko da yake wasu da suka ji "taliya mai romo" ita suke zato. An riga an soya ta a masana'anta don ta bushe, ɗanɗanonta kuma duk yana cikin 'yar ledar garin nan mai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ga shi samari leda biyu suke haɗawa, mai shayi ya ƙara magi a kai. Mai hawan jini ya kiyaye. Amma kada ya ɗauka gidan taliya ya tsirar da shi: wanda ya shanye romon nan tas har gindin kwano shi ma ya sha gishiri mai yawa. Amfanin Indomie sauri ne da araha, ranar da aka dawo gida a gajiye.

Wadda nake jin ciwon yadda aka yi watsi da ita a wannan surutu ita ce taliyar gida, ta murji. Goggona har yau tana da injinta na hannu ɗaure a bakin benci: a kwaɓa fulawa da ƙarfi, a bi da ita ta injin ta yi fale-fale, a sake bi da ita ta wurin haƙoran ta fito sili-sili, a rataye a igiya ta sha iska. A dafa, a tsame, a zuba manja ko man gyaɗa da aka soya da albasa, a barbaɗa yajin ƙuli, wani lokaci da wake. Ita ma sabuwar taliya ce ba ta kanti ba, ita ma hannu ne ya yi ta, kuma mudun fulawa ɗaya ya ishi gida guda. Ba ta da danƙon ta Lanzhou, gaskiya ne, amma tana kama mai da yaji yadda waccan ba za ta iya ba. Yarinyar da ta ɗauki hoton mai jan fulawa ta tura wa ƙawaye, da yawa a gidansu akwai tsohuwar da ta fi shi shekaru a sana'ar, ba a taɓa ɗaukar ta ba.

Duka huɗun alkama ce, alkamar kuma ta jirgin ruwa take sauka Duwala kafin fulawarta ta hauro arewa, don haka tsadarta kowa take bugu. Kowa ya tuna 2022, da yaƙin Yukren ya tayar da farashi har burodin sefa 125 ya koma 150. Bambancin kuɗin kwanon gidan taliya da farantin mai shayi ba a fulawa yake ba. Nama ne, da wutar da ke ci ƙarƙashin tukunya tun asuba, da haya, da na'urar sanyaya ɗaki, da man janareta.

Abin sha shi ne inda gidan ya fi cin kuɗin mutane, shi ne kuma inda ya fi rauni. Kofin da ya fi yawo a hoto, mai ja a ƙasa, rawaya a tsakiya, shuɗi a sama, ruwan sukari ne mai launi da lemon kwalba da tulin ƙanƙara. Kafin taliyarka ta iso ƙanƙarar ta narke, launukan sun cakuɗe, abin ya zama ruwa-ruwa, kuɗinsa kuwa ya kusa rabin na kwanon. Mafi muni, zaƙinsa yana toshe harshe, ka kasa jin citta da girfar da ka biya dominsu. Akwai shayin madara mai baƙaƙen ƙwallaye a ƙasa, wanda aka fara yi a Taiwan a shekarun 1980. Ƙwallayen sitacin rogo ne, ana zuƙo su da faffaɗan tsinke a tauna. 'Yan mata suna son sa, ni ma ban ƙi shi ba idan sabon dahuwa ne, don in ya jima tsakiyarsa takan yi tauri. Amma shi kansa abinci ne. Wanda ya haɗa shi da babban kwanon taliya, ɗaya daga ciki zai bari. A sha shi wata rana da la'asar, shi kaɗai. Lemon Top da Djino da ruwan gora na Tangui kuwa su ne dai na shagon unguwa, kuɗin ne ya ninka.

Abin da ya dace da romon shi ne mafi araha a takardar: koren shayi mai zafi ba sukari, a ƙaramar buta. Bakin da ya saba da shayin da cokali ke tsayawa a ciki don sukari zai ji shi da ɗaci-ɗaci, alhali ganyen ba baƙo ba ne, koren shayin da samari ke dafawa a majalisa ma daga Sin ake kawo shi. Yana wanke maiƙon man barkono, ya bar harshe a buɗe don loma ta gaba.

A sanyi kuwa, unguwa ta yi musu fintinkau. Folere na gida, zoɓon da aka dafa da citta da ɓawon abarba aka sa a firji har ya fara ƙanƙara, tsaminsa yana yanka maiƙo fiye da kowane haɗi mai launi, kuma da sefa 100 ake sayen gora. Haka ruwan tsamiya, haka jinja mai yaƙar maƙogwaro. Gidan taliyar suna da folere, amma sun tsinka shi sun cika masa sukari, abin takaici a garin da zoɓo ke fitowa a bayan gida. Kindirmo da dakkere ba sa tafiya da romon a lokaci ɗaya, sai dai in barkono ya kama ka, ka tsaya hanya ka saya, nono ya fi ruwa kashe zafinsa.

Maganar halal ba a jin kunyarta. Kawuna, wanda ya daɗe yana zuwa Guwanzu, bai ko buɗe takardar ba sai da ya kira yaron da ke kai abinci.

"Yaro, ƙashin me kuka dafa?"

"Na sa ne, Alhaji. Daga mahauta ake kawowa kullum da safe."

"Man fa?"

"Diamaor ne, Alhaji, man angurya, wani lokaci man gyaɗa."

"Giyar girki?"

Yaron ya ce bari ya tambayo, ya shiga ciki ya dawo ya ce ba sa sakawa. Sannan Kawu ya yi bisimilla. Tambayoyin nan sun fi muhimmanci ga wanda ya je Yawunde ko Duwala ko Njamena ya ga gidan taliya ya ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A girkin Sinawan da ba Musulmi ba, kitsen alade da giyar shinkafa kayan yau da kullum ne, kuma shahararren farin romon nan mai kauri na taliyar Japan da ƙashin alade ake yin sa. Ganin naman sa a saman kwano bai gaya maka abin da ke cikin tukunya ba. A na Garwa kuma akwai abin da ya kamata mai iyali ya sani: a rumfar waje suna kawo giyar kwalba ga wanda ya nema, a zauren ciki ne ba a sha. Haɗe-haɗen abin shansu masu sunan Faransanci ma a tambaya kafin a ce a kawo, don wasu iri biyu ake yi.

Akwai wani dalilin da ya sa wurin ya karɓu wanda masu kushe shi, galibi maza, ba sa lissafawa. Bencin mai shayi na maza ne. Mace tana iya tsayawa ta saya ko ta aiki yaro, amma ba za ta zauna ta miƙe ƙafa ta ci tana hira ba. A gidan taliya ƙawaye huɗu za su zauna, miji zai zo da matarsa da yara, ba mai ɗaga ido. Wannan kaɗai ya isa wata ta biya, kuma ban ga laifinta ba. Sai dai a shirya wa jira. Daren Asabar da Lahadi bayan isha'i cika yake yi, mutum ɗaya ne ke jan taliyar, kowane kwano kuma sai an ja nasa, don haka mai jin yunwar gaske zai ƙosa. Ranakun aiki tsakanin magariba da isha'i sun fi sauƙi, romon ma bai kai ga ƙarin ruwa ba. Yara ƙanana a raba musu kwano ɗaya su biyu ba man barkono. Ba sa cinyewa.

Lokacin shekara ma yana da ta cewa. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke haura digiri 40, kwanon romo mai tururi da rana tsaka azaba ce ko da na'urar sanyi tana aiki, balle a ɗauke wuta. Abincin hunturu ne, daren Disamba da Janairu, lokacin da iska ke busar da leɓe mutum yana neman abin da zai ɗumama ƙirji.

Kada a ce a ƙulla a kai gida a haɗe. Kafin mai babur ya kai unguwar Rumde Ajiya taliyar ta shanye romon ta kumbura, an rasa duka biyun. In dole sai an kai wa wani, a ce su zuba romon a mazubi daban, taliyar daban, a tafasa romon a gida sannan a haɗa. In kuma tafiyar da nisa, kamar mai haye gadar Binuwai ko mai zuwa Pitowa, ya sayi romon da naman kawai, a dafa taliyar murji a gida a zuba a kai. Tana shan romon fiye da spagetin kanti, amma a tsame ta da sauran ƙarfinta, don za ta ƙarasa nuna a cikin kwano.